Hannuwan Sidi

Kakarmu Inna Dije ba ta fara labari sai gyaɗa ta soyu. Bayan an ci tuwo mukan kewaye murhu a tsakar gidanmu na Gwaram, tana juya gyaɗar a kasko tana make hannun duk wanda ya yi azarɓaɓi. Ni na fi kowa shan duka, don kwaɗayi ne da ni.

Ran nan ta ce, "Yau kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wannan ba tatsuniya ba ce, da gaske aka yi."

Ta ce tun kafin zuwan Turawa, wani Sharifi ya biyo fatake ta Birnin Kudu ya zauna a ƙauyen kakanninta. Sidi ake ce masa, don girmama jinin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Duk garin an yarda wuta ba ta cin Sharifi, shi kuwa bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba.

Wata rana da rani gobara ta kama wani ɗakin ciyawa, jaririya na barci a ciki, uwar ta tafi rijiya. Maza suka tsaya cirko-cirko suna ihu, "A kira Sidi! Shi wuta ba ta taɓa shi!" Ya zo a guje, ya tsoma rawaninsa a randa, ya kutsa. Ya fito da yarinyar naɗe cikin rawanin, ko ƙwarzane babu, amma fatar hannuwansa ta saɓule.

Sai tsegumi ya tashi, wai ashe ba Sharifin gaskiya ba ne. Masu durƙusa masa suka koma gaishe shi a tsaye. Uwar yarinyar ce ke zuwa shafa masa zuma, har ran nan ta gaya masa abin da ake faɗa.

Ya ce, "Baiwar Allah, kakan nawa ma an fasa masa haƙori a fagen fama, jini ya zuba. Ni wane ne?"

Inna ta sauke kasko ta ce, "Jaririyar nan ita ta haifi uwata. To, ku ci."

A lokacin haushi na ji ƙwarai, don na so a ce ya fito yana murmushi. Sai da na girma na rungumi tawa 'yar sannan na gane, har ƙwalla ta zo mini. Masu ihu a waje sun tura shi ne don suna zaton ba zai ji zafi ba. Shi kaɗai ya san zai ƙone, kuma ya shiga.