Wasiƙar Da Na Goge

A gidanmu na unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, akwai wata adaka a ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. A cikinta ake ajiye wasiƙun gidan tun daga na kakanmu: na gaisuwa, na ta'aziyya, na iyakokin gonaki, da waɗanda ake aikowa daga fada. Gwaggo ba ta yi karatu ba, amma ta san kowace da yadda aka naɗe ta. Duk kaka takan baza su a inuwa su sha iska, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka naɗa yayana hakimi, ni kuma na zama magatakardansa. Karatuna bai yi nisa ba. Ajami na iya, Larabci kuwa ban wuce kalmomin buɗe wasiƙa da na rufe ta ba, kuma ina jin kunya a sani.

A shekarar da takarda ta yi wuya a kasuwa, mun shigo birni gaisuwa, sai yayana ya ce in rubuta wa Baturen mulki amsar tambayarsa kan rijiyoyin ƙasarmu kafin azahar. Ba ni da ko falle ɗaya. Gwaggo ta tafi suna Zaitawa. Na buɗe adakar, na zaɓi wadda tawadarta ta fi dusashewa. Larabci ne, ban tsaya haɗa baƙi ba. Na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, na shanya, na murje ta da dutse har ta yi santsi. Na rubuta nawa a kai, yayana ya buga hatiminsa.

Da la'asar Gwaggo ta kira ni. Adakar na buɗe a gabanta.

"Ina wadda ta dawo?"

"Wace ce ta dawo, Gwaggo?"

Ta ce shekarar da Nasara suka shigo, mahaifinmu ya rubuta wa ƙanensa da ya bi masu hijira gabas. Manzo ya tarar ƙanen ya rasu a hanya, ya juyo da takardar. "Har yau ba ta samu mai karanta ta ba. Irin wannan ba a barinta ta fita."

Na ce wataƙila gara ce.

"Garar ce ta naɗe zaren ta mayar? Lallai gara mai ladabi."

Damina ta yi nisa aka kira mu ofishin Bature. Wasiƙar na kan tebur. Tun daga inda na durƙusa na hangi abin da ya same ta. A tsakanin layukana wani rubutu ya taso, ja-ja kamar tsatsa, ƙanana a jere. Laima ta tayar da tawadar da na zaci na kashe. Hannun mahaifinmu ne, har da yadda yake jan wutsiyar baƙi idan ya kai ƙarshen layi.

Malamin Bature ya karanta. Mahaifinmu yana cewa jikinsa kaɗai ya rage a Kano, zuciyarsa na gabas, kuma ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su bi Nasara sai da baki. Na ji kamar shi ne a tsaye a bayana yana faɗa. Hatimin yayana kuwa yana zaune daidai ƙarƙashin wannan magana.

Tafinta ya ce, "Bature yana tambaya, kai ka aiko da wannan?"

Yayana ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Magana ɗaya ta isa: ni na ɗauko, ni na goge, bai sani ba. Bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoron gidan yari na ji, da kunyar a ce magatakarda bai iya karanta abin da ya goge ba.

Yayana ya ce, "Hatimina ne."

Kafin kaka aka tuɓe shi, sarautar ta koma wani gida. Ya ƙare kwanansa a wani ƙaramin gida a Goron Dutse. Kullum na je gaishe shi yakan ce, "Malam, ya alƙalami?" Bai taɓa ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Daga baya malamin nan ya mayar mini da takardar a ɓoye. Na kai wa Gwaggo, ta ƙi taɓawa. "Ta riga ta samu mai karatu. Riƙe abinka."

Takardar tana wurina har yanzu. Na koma makaranta da furfurata har na iya karanta ta da kaina. Kowace damina rubutun mahaifinmu yana ƙara duhu, nawa yana koɗewa. Bana na ɗaga ta a hasken rana, ban ga ko ɗigo ɗaya nawa ba, sai hannunsa da hatimin yayana, kamar ban taɓa shiga tsakaninsu ba. Shi ya sa na rubuta wannan, domin jikokin yayana su san wanda ya buɗe adakar.