Maccido, Wanda Ya Hana Mota Taimama

Kullum da hantsi, in ka bi ta bayan tashar Goronyo, za ka tarar da Malam Maccido bakanike a gindin dogon yaro, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanoni kamar mai tallan kifi. Ba ya taɓa mota sai ya sha kununsa. In ya gama sai ya ce wa mai ita, "Tada ta in ji," ya karkata kai yana saurare. Tun ana gina madatsar ruwa ta Goronyo yake wannan aiki. Bana ido ya fara gardama, ya ce zai ajiye sifana, shi ya sa na ga bai kamata ya tashi shiru ba.

Gaskiya Maccido ba shi da daɗin ciniki. Direbobin Wurno da Rabah sun san shi da abu ɗaya: in ya ce wani abu ya gaji a motarka, to ko ka canza, ko ka kwashi abarka ka kai wa wani. Ba ya liƙe, ba ya ɗaurin roba, ba ya cewa "lallaɓa ta haka nan". An yi fushi da shi ba adadi, kuma masu fushin su ne ke dawowa.

Wanda ya fi kowa ba da labarinsa shi ne Alhaji Atiku, manomin albasa daga wani ƙauye a yankin Taloka. Yana da tsohuwar mota da ake kira Kyauta, don wai surukinsa ne ya ba shi. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kai marar lafiya asibiti, don babu wata a ƙauyen. A lokacin kuma 'yarsa Suwaiba ta dawo gida goyon ciki, haihuwa yau ko gobe.

Alhaji ya kawo Kyauta ne don a canza mata baƙin mai kawai. Maccido ya saurara, ya buɗe wani murfi a gaban inji, ya leƙa, ya tsuke baki.

"Alhaji, taimin bel ɗin ga ya gaji."

"Mi kac ce? Taimama?"

"Taimin. Wani bel na cikin inji, mai haƙora. Shi ka haɗa sama da ƙasa su tahi tare. In ya tsinke kana gudu, injin ya gama."

Alhaji ya tambayi kuɗi. Maccido ya ce bel ɗin kansa ba shi ne tsadar ba, sai an kwance gaban inji kafin a kai gare shi, kuma ba a sa sabon bel a bar tsohon abin da ke ɗame shi. Gaba ɗaya dai kamar buhu biyu na albasa. In kuwa aka bari ya tsinke, to sai a shirya sayar da sa.

Alhaji ya cire hula ya mayar. Mutum ne da ko kwanon gidansa ya huje sai ya sa an liƙe. "Motar da ta zaka da ƙahwahunta lahiya lau, ita za ka yi ma magani? To ji nan. Tunda kai kac ce taimama, yi mata taimamar. Nemo muna na hannu, tsoho mai sauran rai, mu lallaɓa har bayan kaka."

Maccido bai yi dariya ba. Ya nuna gabas da sifana. "Alhaji, wanda ka zaune bakin madatsa bai taimama. Rumbunka cike da albasa, kowa ya sani. Kana da ruwa, alwala za ka yi."

Masu shayi suka kwashe da dariya. Alhaji ya miƙa hannu a ba shi makulli, Maccido ya jefa shi aljihu. "In albasa kaɗai za ta ɗauka, ga shi. Amma na ji ɗiyarka na gida. Ba ni bari a sa ta cikin wagga mota."

Alhaji ya hau kabu-kabu ya koma yana faɗa har gida. Kashegari ya sayar da buhu biyu, ya kawo kuɗin fuska a murtuke. Da aka gama aiki sai ya ɗauki tsohon bel ɗin ya jujjuya, ya ja shi da hannu biyu. "Dubi abu garau. An dai cuce ni. Ba ni bar maka shi, akuya za ni ɗaure da shi."

Ya kuwa ɗaure ta a turke. Akuyar ma ba wata babba ba ce. Ta hango irin albasa da aka shanya a tsakar gida, ta yi fizga ɗaya, bel ya rabu biyu.

Matarsa Maimuna ta ce ta fito korar akuya ta tarar da Alhaji zaune a ƙasa, guntun bel a hannunsa, ko kallon ɓarnar bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi. Abin da bai riƙe akuya ba, a kansa ya so ya ɗora 'yarsa da jikansa a hanyar da sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da mota ba. A cikin makon kuwa naƙuda ta zo wa Suwaiba da gardama, da rana tsaka, Kyauta ta kai ta asibitin Goronyo ba ta ko yi tari ba.

Malam Maccido, kai ne mai baƙin hannu da farin ciki. Kai ne ka yarda a zage ka yau don a isa gida gobe. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma akwai mutane da yawa tsakanin Goronyo da Rabah da suke raye ba su san da hannunka a ciki ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka gama lafiya. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi cewa a'a, ko da mai mota zai tafi da fushi.

Ranar suna Alhaji ya kawo cinyar rago har gindin dogon yaro, ɗaure da guntun bel ɗin nan. Ya ajiye a gabansa.

"Maccido," ya ce, "na yi alwala."