Rami Kusa da Rijiyar Malam Ramalan

Wata Talata ce a ƙarshen Afrilu, tun da hantsi zafi ya sauko kamar an kifa wa Samaru tukunya. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe ledoji da busassun ganyen dalbejiya, sannan ta lafa ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Duk wanda ya daɗe a Zariya ya san ma'anar wannan. Damina ce ta aiko da sallama, ita ma tana tafe.

Baba Sebastian yana bisa bangon ɗakin kwanansa a Hayin Dogo, yana kallon hadarin yana ƙidayar kwanaki a zuci. Ya riga ya kware kwanon ɗakin kaf, ya sauke tsofaffin katakan da gara ta cinye, ya fasa bango ta baya inda zai manna sabon banɗaki. A bayan gida kuma ya haƙa ramin sokawe, inda ƙazantar banɗakin za ta riƙa taruwa, har ya kai masa kafaɗa. A ganinsa kwana goma sun ishe shi ya mayar da rufi. Yana cikin wannan lissafin wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, mutum biyu suka fito, ɗaya da takardu, ɗaya da gwangwanin jan fenti.

Daga ofishin masu kula da gine-gine suke. Ba su yi masa tsawa ba, har gaishe shi suka yi da girmamawa. Suka tambayi zanen aikin da takardar izini. Ya ce ai gyara ne, ba sabon gini ba. Mai takardun ya ce duk inda aka fasa bango, aka ƙara ɗaki, aka haƙa rami, magana ta wuce gyaran filasta. Ɗayan ya zana jan gicciye a bangon waje. Suka ce kada ya ɗora bulo ko ɗaya, kada ya buga ƙusa, sai izini ya fito, in ba haka ba abin da ya ƙara za a rushe. Rufin ma sai dai ya sa tamfol.

Mutumin da aka yi wa wannan ya haura saba'in, kuma fiye da shekara arba'in ya yi yana gini. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Samaru yana saurayi, karatunsa bai wuce aji uku ba. Ya fara da kwaɓa ƙasa, ya koma ɗaukar bulo, har ya zama birkilan da ake nema daga Samaru zuwa Dogarawa. Takarda ba ta taɓa shiga tsakaninsa da aiki ba. Mai gida ya faɗi abin da yake so, shi kuma ya ja igiya, ya zuba toka a ƙasa, ga falo ga ɗaki ga ƙofa, kowa ya gani da idonsa a haƙa. Mutum ne marar yawan magana. Abokan aiki sukan ce in ka ji muryar Sebastian sau uku a wuni, to siminti ne ya ƙare.

Gidan nasa shi ya gina shi da hannunsa, ɗaki da falo, da jar ƙasa, ya bi da filasta. A nan ne matsalar take. Bangon ƙasa yana iya shekara hamsin muddin kansa a rufe yake, amma in ruwa ya same shi ta sama, sai ya sha ya kumbura ya zauna. Bangon da ya raba ɗakin da aka kware da falo irinsa ne, a falon kuma matarsa Diana take kwance.

Saboda ita aka fara aikin. Bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Ya'yansu suna nesa, babban, Raphael, yana Fatakwal. Makewayin gidan yana can ƙuryar tsakar gida, kullum sai Baba Sebastian ya tallabo ta, taku ɗaya ɗaya, har can. Sau biyu sun faɗi tare. Mace ce da ta yi shekaru tana sayar da ƙosai a bakin kasuwar Samaru ba ta roƙi kowa komai ba, yanzu ta koma rage shan ruwa don kada ta dame shi. Da ya gane haka ne ya ɗauko diga.

Washegari ya ɗaure tamfol da igiya da duwatsu, ya hau mota zuwa Sabon Gari. Akwai Obi, mai shagon kayan gini da ya daɗe yana sayen kwano da ƙusa a wurinsa. Obi ya rasu, amma 'yarsa Nkechinyere ta yi karatun zanen gine-gine, tana da ɗan ofis a saman shagon, tana aiki ƙarƙashin wani mai rajista da ke duba zane ya buga hatimi. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta Bazazzagiya. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa faɗa kamar 'ya da uba, wai don me bai zo tun kafin ya cire kwano ba. Ta ce ya kawo takardar filin, gobe za ta zo ta auna, zane kwana biyu ne, ofishin masu ba da izini kuwa sai yadda hali ya yi.

Ta zo da sassafe da tef ɗinta da littafi. Ta gaishe da Diana a durƙushe, ta auna falo, ta auna ɗaki, shi yana riƙe mata bakin tef. Duk inda ta karanta lamba, ya riga ya faɗa mata kafin ta duba, har ta ce da ta sani da ta bar tef ɗin a gida. Da suka zo bakin ramin sai ta ji ƙarar guga daga bayan katanga. Ta taka bulo biyu ta leƙa.

Rijiyar Malam Ramalan ce, maƙwabcin Baba Sebastian na shekara talatin da biyar, tsohon masinja da ya yi ritaya. Gidaje shida ke ɗiba a cikinta, har da na Baba Sebastian, don famfon unguwar ya daɗe da zama ado. Nkechinyere ta zagaya ta auna. Daga bakin rami zuwa bakin rijiya ƙafa ashirin ne da ɗoriya.

Ta dawo fuskarta ba walwala. Ta ce ofis ba zai sa hannu ba in bai kai ƙafa hamsin ba, kuma ƙasar ma ta gangara wajen rijiyar. Wurin da ya isa nisa shi ne ƙofar gida, a ja bututu ta gefen katanga. Wato sabon rami, sabon haƙa, da ƙarin kwanaki.

Ya ce zai yi wa ramin filasta biyu, ya zuba kankare a ƙasa, shi da hannunsa. Sannan ya faɗi abin da bai so faɗa ba. Ya ce rijiyar ai ba a filinsa take ba, me zai sa ta fito a zanen gidansa?

"Baba," in ji ta, "in na cire ta daga takarda, za ta bar wurin ne? Kai ka koya wa babana bambancin kwano mai kyau da na banza. Kada ka sa ni in yi maka na banza."

Ta ce za ta jira maganarsa, ta tafi.

A ranar da yamma aka yi yayyafi na farko. Bai kai ya jiƙa riga ba, amma iska ta ɗaga gefen tamfol, ruwa ya bi kan bangon tsakiya. Da ya dafa wurin sai ya ji sanyi, ƙasa ta manne masa a yatsa. Diana tana kallonsa daga katifa. Ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau. Ta ce, da bakinta da ya karkace, shekara arba'in da shida tana jin wannan lafiya lau ɗin, ta san kalarsa.

Malam Ramalan ya same shi zaune a bakin ramin bayan la'asar. Ya riga ya ji labari, don matarsa tana wurin lokacin da aka auna rijiya. Ya zauna a kan bulo, ya fara da tsokana kamar yadda suka saba.

"Sarkin magina, yau kai ne yarinya ta kama da tef?"

"Ta kama ni, Malam."

"To saurara. Ranar da mai dubawa zai zo, zan kifa tsohon kwano a bakin rijiyar, in jibga itacen girki a kai, in ɗaure akuya a gefe. Wa zai ce akwai rijiya? Rijiyata ce, na yafe. A nemi wani ya zana, masu zane sun cika gari. Maman Raphael ta sha wuya haka nan."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma dabara ce da za ta yi aiki. Baba Sebastian ya san da haka. Ramin yana nan a haƙe, bulo yana nan, in aka bi ta wannan hanya an rage mako guda cur, mako guda kuwa a bakin damina ba wasa ba ne. Ya daɗe yana kallon ƙasan ramin. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a rayuwarsa ya fasa sokawe sun fi a ƙirga don gyara, ciki har da waɗanda shi ya gina da filasta biyu. Bai taɓa buɗe wanda ya shekara goma ya tarar ba tsaga ba. Saiwar bishiya takan shiga, ƙasa takan motsa. Nkechinyere a littafi ta karanta, shi da hancinsa ya sani. Kuma in abin ya faru ba wanda zai gani, sai dai a ji ciwon ciki ya bi gidaje shida.

"Malam, ka yafe naka," ya ce a hankali. "Na sauran gida biyar fa, wa zai yafe?"

Malam Ramalan ya ce to Allah ya kawo mafita, amma shi dai bangon nan yana ba shi tsoro.

Cike rami ba gini ba ne, ba mai hana shi. Da gari ya waye Baba Sebastian ya buga wa Nkechinyere waya ya ce ta zana da rijiyar, ta kai rami ƙofar gida. Ta ce za ta sa bangon tsakiyar ma a zanen a matsayin na bulo, don kada a sake komawa neman izini. Shi kuma ya ɗauki shebur ya mayar da ƙasar da ya yi kwana shida yana fitarwa.

Aka kai zane ofis. Daga nan sai jira. Kullum da safe yakan je ya zauna a benci da hularsa a gwiwa, a ce masa fayil yana teburin gaba, ya yi godiya ya dawo ya duba sama. An yi ruwa sau biyu a makon, kowanne ya fi na baya. Tamfol ya yage ya ɗinke, ya sake yagewa. Filastar bangon tsakiya ta fara kumbura tana zubowa kamar ɓawon rogo, wata tsaga ta fito daga sama ta nufo ƙasa. Ya liƙa mata takarda da ƙullin rogo don ya gane ko tana buɗewa. Kwana biyu takardar ta rabe.

A rana ta goma sha ɗaya mai dubawa ya zo, ya bi zane da ido, ya leƙa rijiya, ya taka inda aka cike, ya ce aiki ya yi daidai, a dawo jibi a karɓi takarda. Bai kai bakin titi ba hadari ya rufe gari. Wannan karon Baba Sebastian bai tsaya gyaran tamfol ba. Ya leƙa ta katanga ya kira Malam Ramalan, suka kama katifar da Diana a kai, matar Malam ta riƙe lema, suka tsallaka da ita gidan maƙwabci ruwa yana dukansu. Ba a yi rabin awa ba suka ji wani ƙara mai nauyi, kamar an sauke buhuna daga mota. Bangon tsakiya ne ya zauna, ya ja rabin rufin falo, ya danne daidai inda katifar take.

Diana ta tambayi mijinta me ya rushe. Ya gaya mata. Ta rufe ido ta ce in ruwa ya zube ya bar tulu, an gode Allah.

Takarda ta fito ranar da aka ce. Aikin da ya yi wa lissafin kwana goma ya ci wata biyu da rabi a tsakiyar damina, ana yi ana tsayawa. Mutanen cocinsu sun zo Asabar biyu sun kwashe ƙasa, Raphael ya zo ya yi mako. Duk wannan lokacin Diana tana ɗakin matar Malam Ramalan, Baba Sebastian kuma yana kwana a zaure.

Yanzu Baba Sebastian yana nan a gidansa na Hayin Dogo. Ya daina hawa bango, gwiwa ta hana. Ɗaki da falon sun koma na bulo, banɗakin yana da faffaɗar ƙofa da ƙarfen riƙewa, taku huɗu ne daga gadon Diana, kuma takan kai kanta da sanda ba sai an tallabe ta ba.