Jirgin da Yaya Sani Yake Son Yankawa

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu raina bai dawo daidai ba.

Kafin mafarkin, ku sani a wani tsibiri cikin teku aka haife ni, sana'ata bandar kifi. Gaba da mu kaɗan akwai jirgin soja da ya nutse tun yaƙin Turawa. Murjani ya lulluɓe shi, a cikinsa kifi ke zuba ƙwai. Kaf garinmu ba mai jefa taru a kansa, sai dai a gefe, kuma da shi muke ci. To yayana Sani, ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa, shi ne ya kwaso masu yankan ƙarfe daga birni, wai dukiya ce take ruɓewa a banza. Ji fa!

A mafarkin na gan ni ina tafiya a ƙarƙashin ruwa, zanina a bushe. Jirgin ya zama unguwa guda. Murjani ja da fari ya tsiro a bakin igwa, 'yan kifaye na shiga suna fita. Sai kawai ga sojoji zaune kan tabarma, takalmansu a gefe. Ɗaya ya ce min, "'Yar nan, ja mana ƙofa." Na duba, ban ga ƙofa ba.

Sai kawai ga Yaya Sani da wutar yankan ƙarfe, tana ci a cikin ruwa. Na ce, "Yaya, da izinin wa?" Ko kallo ban ishe shi ba. Zuciya ta ɗebe ni, na kwanta a kan ƙarfen, na ce wallahi sai dai ya haɗa da ni. Matan garinmu suka yi ta fitowa ta tagogin jirgin da kwanduna ba komai a ciki, suna kwanciya kusa da ni.

Sai kawai ƙarfen ya buɗe ya kama ƙafarsa. Ya miƙo min hannu yana kirana da sunan da Inna ke kirana. Na riƙe hannun, na ce ba zan ja ba sai ya saki wutar. Bai saki ba. Ni ma ban ja ba. A haka na farka, ina kuka, ina kuma jin haushin kukan.

Yau da la'asar Yaya Sani da masu yankan za su shiga ruwa, kuma kwalekwalena zai riga nasu isa wurin. Kada wanda ya ce min "yi haƙuri, yayanki ne". Na sani, nono ɗaya muka sha. Abu ɗaya nake so masu fassara su gaya min: hannun nan da na riƙe na ƙi ja, Yaya Sani ake yi wa gargaɗi, ko ni?