Turaku Masu Jan Kai

Har yau, in na ji ana buga turke da guduma, sai zuciyata ta koma gonarmu ta kusa da Kwatarkwashi. Jiya ma da hantsi maƙwabciyata tana kafa wa akuyarta turke, na ajiye littafin da ke hannuna, na yi ta saurare har ta gama. Irin wannan ƙarar na ji ina 'yar shekara takwas, a ƙarshen kaka, an gama yankan dawa, ƙamshin busasshen kara ya cika iska.

Bari in fara gaya maka abin da ke cikin gonar. Ɗorawa ce guda ɗaya, babba, a tsakiya. Da bazara in tutunta, wato furenta, ya fito ja, ƙudan zuma kan cika ta da gunji, ni kuwa in kwanta a ƙasa ina kallon sama ta tsakanin ganye. A gindinta akwai duwatsu a jere, sun kewaye wurin sallar mutum ɗaya. Kakana ne ya jera su, amma ban taɓa ganinsa ba. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato ya ce ba zai zauna ƙarƙashinsu ba, ya bi ayarin masu hijira zuwa gabas. Kakata, wadda duk gida muke kira Inna, tana jegon autanta a lokacin, ba ta iya tafiya. A gindin ɗorawar ya yi sallarsa ta ƙarshe a ƙasarmu. Ya ce mata zai dawo ya ɗauke su, kuma ko gari ya sake kama, in ya hango itacen nan ya san ya zo gida. Shekara ashirin da 'yan kai Inna tana share wurin kowace Juma'a.

Ran nan muna tsintar ragowar wake muka ga baƙi. Bature ɗaya ne da malafa, yana leƙa wani madubi mai ƙafa uku. Leburori suna jan doguwar sarƙa, suna buga turaku masu jan fenti a ka. Layin ya taho daga wajen Tsafe a miƙe sosai, ya ratsa gonarmu, turke ɗaya ya tsaya dab da duwatsun Kaka.

Inna ta gyara mayafi, ta je wajen tafintansu, wani saurayi Bazazzagi.

"Sannunku da aiki. Ɗana, waɗanga itatuwa na mi na?"

"Hanyar jirgin ƙasa ce, Inna. Daga Zariya har Gusau."

"Ta cikin icce?"

"Inda turke ya bi, nan za ta bi."

Wannan maganar Inna ta riƙe. Mu dai hanyar da muka sani mai kunya ce. Takan kauce wa rijiya, ta zagaye suri, ta bar wa maƙabarta wurinta. Kuma iyakar gona a wurinmu abin da ido ke gani ne, ko dutse, ko jerin gamba. In alama ta matsa, iyaka ta matsa.

Bayan baƙin sun yi gaba da kwana biyu, Inna ta tashe ni gari na wayewa.

"Tashi, sarkin mafarki. Yau ko kin yi aikin da za ki ci tuwo."

Muka je da fartanya da taɓarya. Ba turke ɗaya ta matsar ba, don ta ce ko makaho zai gane. Tun daga bakin gona ta fara, na farko taki ɗaya, na biyu taki biyu, har layin ya lanƙwasa a hankali kamar yadda mai huɗa ke karkata kunya in ya tarar da kututture. Ni ke riƙe turke, ita ke bugawa da taɓarya. Tsoffin ramukan ta cike su, ta tattake, ta watsa kashin awaki a kai. Da muka gama ta ja da baya, ta kanne ido ɗaya kamar yadda ta ga Baturen yana yi.

"Kin gani? Ya hi nasu kyau."

Babana shi ne malamin hakimi, mai rubuta masa wasiƙu, shi ya koya mini karatu. Da ya je gona ya gani, ya dawo gida ya sami Inna.

"Inna, kin san abin da kika taɓa? Mutanen nan ba a wasa da kayansu."

"Ban ɗauki ko guda ba, je ka ƙirga. Gyara na yi musu."

"In aka ce daga gidana ne fa?"

"Ubanka in ya komo, da mi zai gane gida?"

Baba ya juya ya fita. Ya zauna a zaure har azahar.

Damina ta zo ta wuce, turakun suna nan inda muka sa su, har wake ya naɗe wasu. Inna ta sami natsuwa, ni ma na ɗauka mun yi nasara. Sai da rani suka dawo, wannan karon da gatura. Baturen ya kafa madubinsa, ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Sa'an nan ya warware wata babbar takarda a kan gwiwarsa. Ina kusa, na ga layi ɗaya siriri ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe. Kafin rana ta yi zafi an mayar da kowane turke raminsa na da.

Ya yi magana, tafinta ya juyo. "Yana tambaya wa ya taɓa su."

"Ni ce," in ji Inna. "Hwaɗa mishi ni ce."

Tafinta ya dubi furfurarta, ya dubi duwatsun da aka share tas. Ya faɗa wa Baturen wani abu, Baturen ya ɗaga kafaɗa ya naɗe takardarsa. Da zai wuce, saurayin ya rage murya. "Na ce masa shanu ne, Inna. Ki yi haƙuri. Hanyar nan tana cikin takarda tun kafin mu zo."

Kwana biyu suka yi suna saran ɗorawar. Inna ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta kwashe duwatsun ɗaya ɗaya a ƙwarya, ta jera su a ƙofar gida. Da jirgi ya fara wucewa, takan tsaya a bakin gona tana duban fuskokin da ke taga, ko da yake ta rantse ba za ta taɓa shigarsa ba. Ta rasu a damina ta biyu.

Yanzu ina Gusau, jiniyar jirgi ce ke gaya mini lokacin ɗora tukunya. Yaran unguwarmu sun ɗauka hanyar nan da ita aka halicci ƙasa. Ni kuma da na yi karatu na ga taswira, na gane ba gonarmu kaɗai aka ja wa layi a takarda kafin masu ita su ji labari ba.

Sai bayan na yi aure wani tsohon alhaji, da ya dawo ta ƙasa, ya kawo wa Baba labarin Kaka. Ya ce Kaka ya kai har bakin kogin Nilu, bayan doguwar tafiya a ƙafa, ya tarar Turawan da ya guda su ne ke mulki a can ma. Ya rasu tun kafin a haife ni. Alhajin ya ziyarci kabarin, ya ce daga wurin ana jin jirgin ƙasa yana wucewa.