Mama Ujunwa da Motocin Itacen da Ba Sa Komawa Wayam

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ko a gida ni ba mai yawan magana ba ce. Da na gaya wa Mama Ujunwa niyyata, dariya ta yi, ta ce in har ina da lokacin zaman rubutu, gara in je in tsinto mata ledoji. Na tsinto ledojin, na kuma rubuta, domin satin da ya wuce ta ajiye aiki, kuma yawancin masu wucewa ta gabanta ba su taɓa sanin abin da take yi ba.

Duk mai bi ta bayan tashar jirgin ƙasa da safe ya san ta. Gajera ce, da malafa a kan ɗankwali, da buhu a kafaɗa. Tun daga gidanta a Sabon Gari take tsintar ledojin ruwan sha da mutane suka yar. Wasu sun ɗauka sayarwa take yi. Ita kuwa wanke su take yi, ta yanke musu baki, ta huda gindinsu, ta cika su da ƙasa da taki, ta sa iri. Gawo ne ya fi yawa, sai ɗorawa da tsamiya da aduwa.

Ɗan filin da take aiki, jami'a ce ta buɗe shi da tallafin gwamnati, don a raini itatuwa a kai wa manoma da makiyaya su dasa a gonaki da gefen burtali. Malaman jami'ar ne suka koya mata jiƙa irin gawo a ruwan zafi kafin shuka. Su suna zuwa ƙauyuka suna koyarwa, ita tana nan da ƙananan itatuwan, rani da damina.

Ni da Kaka itacen girki muke sayarwa a Fagge. Inda manyan motoci ke sauke mana kaya yana dab da shingen filin, a nan na san ta.

Akwai aikin da ba ta wasa da shi. Duk Asabar sai ta ɗaga kowace leda ta matsar da ita gefe. Saiwar gawo tana saurin nutsewa, in ta huda leda ta kama ƙasa, ranar ɗauka sai ta tsinke, itacen ya mutu a hanya. A shekararta ta farko haka ta yi asarar rabin shukarta, Kaka ta ce da idonta ta gan ta zaune tana kuka. Amma matsarwa jinkiri kawai take kawowa. Da zarar ruwa ya sauka, dole itatuwan su bar Kano, in ba haka ba wahalar shekara ta tashi a banza.

Wata shekara aka rage tallafin, motar jami'a ta daina zuwa. Dakta Musiliu, mai kula da shirin, ya zo da kansa ya ba ta haƙuri, ya ce sun nemi ƙari suna jira. Ga hadari ya fara haɗuwa. Mama ta tsaya a bakin shinge tana kallon motocinmu suna sauke itace suna juyawa wayam, zuwa dajin da take son itatuwanta su je.

Malam Tanimu ta fara tarewa, direban da kowa ke shakkar bakinsa, ta roƙe shi ya tafi mata da ƙananan itatuwan. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Madam, ni busasshe nake ɗauka. Ɗanye ba sana'ata ba ce."

Ta tambaye shi, da Hausarta ta 'yar Sabon Gari, ko wane nisa mahaifinsa yake zuwa ɗauko itace. Ya ce tsohon yakan fita da safe ya dawo ya ci abincin rana a gida. Shi fa? Ya ce shi yanzu sai ya kwana a hanya.

"To, Malam, ɗanka sati zai riƙa yi. Buɗe min bayan motar."

Kaka ta ce direbobi sun yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma ya buɗe. Tun daga wannan damina, in motar itace za ta koma, sai Mama ta tsare ta. Takan kira mutanen ƙauyen da malamai suka koya wa dashe su jira a bakin titi. Mai gardama ta yi masa ba'a, mai rashin lafiya ta tambayi jikinsa, har sunayen 'ya'yansu ta haddace.

Mama, ke ce kika sa masu ɗauko itace suka koyi mayarwa. Uwar gawo, mai buhu a kafaɗa. Ke ce kika durƙusa a kan ledoji har gwiwoyinki suka gaji, ba don gonarki ba, ba don dabbarki ba, domin ko akuya ba ki da ita.

Bara wani Ardo ya biyo Malam Tanimu har filin, da ƙwarya cike da 'ya'yan gawo. Ya ce daga itatuwanta ne na farko, kuma su suka riƙe masa shanu da bazara. Ta karɓa ta yi ta juya su a hannu. A ranar na san cewa duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga itatuwanta ya girma ba.

Ranar da ta ajiye aiki an ɗan taru a filin. Dakta Musiliu ya yi godiya, ya ce za su turo ɗalibai su riƙa ban ruwa kafin a san matsayin sabon tallafi, amma har yanzu ba mota. Ruwa kuwa ya riga ya sauka, ledoji na jere har bakin shinge. Malam Tanimu ya ce cikin raha yanzu direbobi sun huta, ba mai tsare su. Kowa ya yi dariya, ban da Mama. Da zan tafi ta kama hannuna, ta nuna min wata leda da farar saiwa ta fara leƙowa ta gindinta.

"Jikar Kaka, ɗalibai za su ba su ruwa. Amma direbobi ba su san ɗalibai ba. Ke suka sani."

Na ce mata ni ko gaishe su da ƙyar nake yi. Ta ce ita ma ranar farko haka take.

Mun gode, Mama Ujunwa. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya kai ki ki zauna a inuwar abin da kika raina. Mu da muke ci da itace, masu sara da masu ɗauka da masu sayarwa da masu girki, ya kamata kowa ya mayar da wani abu. In ba ka iya komai ba, kada ka yar da ledar ruwanka, kawo ta bayan tasha.

Washegarin ranar da ta ajiye aiki, da safe, Malam Tanimu ya gama sauke mana kaya, ya hau mota ya tayar. Na ajiye itacen da ke hannuna, na je na tsaya a gefen ƙofarsa. Na ce, "Baba, buɗe min bayan motar." Ya leƙo ya dube ni, ya dubi shingen, ya ce ashe dai ba su huta ba. Ya kashe motar. Ledar nan mai farar saiwa ita na fara ɗorawa.