Wasiƙar da Muka Aika Panya

Har yau ban manta da ranar kasuwar da wata tsohuwa daga Kurfi, Iya Hajo, ta zauna a bakin ƙaramin gidan wayarmu na Dutsin-Ma ta ƙi tashi ba. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai. Ni masinja ne a lokacin, aikina ɗaukar jakar wasiƙu daga mota da rarraba su a kan keke. Na haura arba'in, amma da la'asar nakan je ajin Yaƙi da Jahilci, har hannuna ya fara faɗawa, ina rubuta wa mutane gajerun wasiƙu.

Ɗanta ya tafi Panya aikin gonar koko shekara shida, babu labari. Panya tsibiri ne a cikin teku, Turawan Sifen ke mulkinsa. Da faɗa ya rabu da mahaifinsa, ga shi tsohon ya kwanta ciwo, yana so a gaya wa yaron ya yafe masa tun yana da numfashi.

Akawunmu ya ce wasiƙar da ba ta da adireshi ba ta zuwa ko'ina. Ya yi gaskiya, haka ƙa'ida take. Sai na tuna da Mamman Tela, wanda ya yi shekara huɗu a can. Ya ce mu aika wa sarkin Hausawan tsibirin, amma mu sa layi ɗaya da harshen Sifen, saboda masu riƙe da rajistar lebura ba sa jin Hausa. Kalmar da muke bukata ita ce ta nema. In ni ke nema, busco. In wani ke nema, busca. In mutum ake nema, sai a sa harafin a kafin sunansa. Da na karanta ta yadda muke karanta boko, Mamman ya yi dariya har ya saki almakashi, ya ce a can da na faɗi haka akuya za su kawo mini. Kwana uku ina maimaita ta a kan allon aji kafin na yarda da hannuna.

Na tambayi Iya sunan yaron, ta ce Magaji. Na rubuta: Busco a Magaji, Kurfi.

Bayan wata uku amsa ta zo. An duba rajista, babu Magaji daga Kurfi. Akawu ya ce in je in ba ta haƙuri. Ina kan keke, na wuce rabin hanya, sai abin ya faɗo mini. Ɗan fari ne. Wace uwa ce a ƙasarmu ke kiran sunan ɗan farinta? Ni da aka haifa a nan, wanda tawa uwar ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba, na zauna kwana uku a kan kalmar Turawa, na manta da abin da ke cikin gidanmu.

Na iske tsohon, Malam Audu, kwance a zaure, ya rame ƙwarai. Na yi musu bayani cewa a can da sunan yanka ake rubuta mutum. Iya Hajo ta sunkuyar da kai. Na ce a kira wata gwaggon yaron ko maƙwabci ya faɗa mini sunan, ta yunƙura za ta aika. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Bari, Hajo. Kunya ta ci mana wata uku, ban san ko ina da wasu ukun ba." Ya juyo gare ni. "Malam, rubuta. Usmanu."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya ta gaya mini tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

A nan zauren na rubuta, takarda a kan gwiwata: Busco a Usmanu Audu, Kurfi. A ƙasa na sa saƙon yafiya da Hausa, kalma da kalma yadda tsohon ya faɗa.

Amsa ta zo ana girbin dawa. Usmanu na raye, kunyar dawowa hannu rabbana ce ta hana shi rubutu. Ni na karanta wa Malam Audu, ya sa na maimaita sau uku. Bai kai ga ganin ɗansa ba, ya rasu kafin ruwan farko. Usmanu ya iso da damina, ya samu uwarsa, takardar yafiyar na cikin aljihunsa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke zama a kantar gidan waya yanzu, in mutum ya ba ku suna ku dubi wanda ya ba ku. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba, akwai sunan da bakinsu ba ya iya ɗauka. Tun daga ranar, in tsohuwa ta ce mini Magaji, sai in ajiye alƙalami in ce, "Iya, da wa kuka zo?"